KANWA KO LEMON TSAMI: WANNE CIKINKA YAKE BUƘATA?

 

A makon nan tambayoyi biyu suka shigo mana, muka ga ya kamata mu haɗa su mu amsa a fili. Wani magidanci daga Makera ya ce yau kusan shekara biyu ke nan ba ya kwanciya sai ya jiƙa kanwa a kofi ya shanye, saboda in ya ci tuwon dare ƙwannafi na taso masa har maƙogwaro. Da ya sha sai ya yi gyatsa ya ji sakayau. To yanzu an auna shi an ce yana da hawan jini, shin ya ci gaba? Ita kuma wata uwargida daga Barnawa an turo mata saƙo cewa shan lemon tsami da khal da sassafe kafin a sa komai a baki yana wanke ciki. Ta yi wata uku tana yi, yanzu ƙirjinta na zafi, haƙoranta sun mutu, ko ruwan sanyi ba ta iya kurɓa.

Shi yana kashe tsamin cikinsa, ita tana ƙara wa nata, kuma dukkansu abu ɗaya suke taɓawa ba tare da sun sani ba. Ku ɗan ba mu lokacinku, karatun yau da ɗan tsawo amma akwai fa'ida.

*MA'AIKATAN DA BA KA GANI*

Ɗan uwa, lomar tuwon da ka haɗiye ba haka take shiga jininka ba. Sai an farfasa ta ta zama ƙanana ƙwarai, sitaci ya koma sukari, nama da wake su warware, mai ya tsinke. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne da Allah Ya sa jiki ke ƙerawa da kansa, likitoci na ce musu inzayim. Uwargida ta san aikinsu ko da ba ta san sunan ba. In nama ya yi tauri aka naɗe shi da ganyen gwanda ya yi laushi, inzayim ne na jikin gwanda ya yi aikin. In Bafulatana ta sa tumfafiya a madara ta daskare ta zama cuku, shi ma haka.

Kowane inzayim da aikinsa, kowanne kuma da yanayin da yake so. Iyayenmu da suka yi aiki a masaƙun Kakuri, tun daga KTL da aka buɗe a 1957, sun san haka ma'aikata take: sashen kaɗi daban, sashen saƙa daban, sashen rini daban, kuma ruwan da ake zubawa a wani sashe in ya shiga wani sai ya ɓata kaya. Marini ma ya san baba ba ya kama zane sai an sa toka a karofi daidai gwargwado.

Dalilin wannan tsirfa tasu shi ne su kansu inzayim ɗin furotin ne, kowanne a naɗe yake da wata siffa kamar ɗan makulli. In tsami ya yi yawa ko ya yi kaɗan sai siffar ta lanƙwashe, makulli ya ƙi shiga kwaɗo. Ki tuna yadda madarar waken suya take curewa nan take in kin zuba mata ruwan tsami za ki yi awara. To haka tsami yake juya furotin.

*MENE NE pH?*

Ma'auni ne na tsami, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Sorensen, ya fito da shi a 1909. Yana tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, nan ruwa mai tsabta yake. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, wato asid, kuma ƙanƙantar lamba ita ce tsananin tsami. Sama da 7 ɓangaren su kanwa da toka ne.

Ga kayan gidanku a kan ma'aunin, a kimance:

• Lemon tsami: wajen 2 zuwa 2.5
• Khal, zoɓo, tsamiya: wajen 2.5 zuwa 3.5
• Zuma: wajen 4
• Nono mai tsami: 4 zuwa 4.5
• Madarar shanu sabuwar tatsa: kusan 6.7
• Ruwan kanwa: wajen 10

A lura, tsakanin lamba da lamba ninki goma ne. Abin da ke kan 2 ya fi wanda ke kan 3 tsami sau 10, ya fi na kan 5 sau 1,000.

In kana son gani da idonka, zuba zoɓo marar sukari a kofin gilashi, ka ɗiga ruwan kanwa. Jan zai dushe ya koma duhu, shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Matsa lemon tsami a ciki, ja zai dawo. Ka nuna wa yara, ka ce musu irin wannan sauyi ne abinci ke ratsawa a cikinmu kullum.

*ZANGO UKU NA LOMA*

*Zango na farko, baki.* Yawu yana kusa da 7. A cikinsa akwai inzayim mai suna amilez, mai farfasa sitacin tuwo, shinkafa, burodi da rogo. Gwada tauna burodi marar sukari na minti ɗaya ko biyu ba tare da ka haɗiye ba, za ka ji ya fara zaƙi. Wannan ma'aikaci ba ya jure tsami, da asid ɗin tumbi ya ratsa lomar ya sauko ƙasa da 4 aikinsa ya tsaya. Mai haɗiyar loma ba tauna, yana sauri ya kama Keke zuwa wurin aiki, ya sallami ma'aikacin farko tun bai fara aiki ba.

*Zango na biyu, tumbi.* Nan abin mamakin yake. Tumbinka na zubo ruwa kusan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, mai tsamin da ke tsakanin 1.5 da 3.5. Yadda aka fara ganin aikinsa ma abin ji ne. A 1822 bindiga ta tashi ta sami wani saurayi, Alexis St. Martin, a Amurka. Ya warke amma ƙofar raunin ba ta rufe ba, ana iya leƙa tumbinsa. Likitan soja William Beaumont ya riƙa ɗaure nama da zare yana zurawa ciki yana zarowa yana duba yadda yake narkewa, ya wallafa abin da ya gani a 1833.

Babban ma'aikacin tumbi sunansa fefsin, shi ke fara warware nama, ƙwai, kifi da wake. Tumbi yana fitar da shi ne a kulle, asid ne ke buɗe shi. Ya fi ƙarfi a wajen 2. In tsami ya ragu zuwa 5 sai ya yi sanyi ƙwarai, a wajen 6.5 ya tsaya cak, in aka haura 8 ya lalace ba ya dawowa. Asid ɗin nan kuma shi ne maigadin ƙofa, yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta da suka biyo abinci da ruwa, yana kuma taimaka wa jiki ya ciro sinadarin ƙarfe da bitamin B12 da ake haɗa jini da su. Shi kansa tumbin Allah Ya shafe shi da wata majina mai kauri don kada ya narkar da kansa. Subhanallah.

*Zango na uku, ƙaramin hanji.* Da abinci ya fito daga tumbi da tsaminsa, sai farkon hanji ya aika saƙo ta jini zuwa wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, fankiriyas. Wannan ɗan aike, wato sikiritin, masana biyu a Landan, Bayliss da Starling, suka gano shi a 1902. Sai fankiriyas ta zubo ruwa mai sinadari dangin kanwa, ya kashe tsamin, ma'auni ya hau zuwa 6, can gaba ya kai 7 har 8. A nan ne sauran ma'aikata ke kama aiki: tirifsin ya ƙarasa nama, lifez ya tsinka mai da taimakon ruwan matsarmama, wani amilez ɗin ya ƙarasa tuwon da baki ya fara.

Ka gani ke nan, jikinka yana da tsamiyarsa yana da kanwarsa, kowacce da wurinta da lokacinta. Matsala tana farawa ne in muka kai ɗaya inda ɗaya ta kamata.

*AMSAR MAI SHAN KANWA*

Malam, sauƙin da kake ji gaskiya ne. Kanwa ta haɗu da asid ta kashe shi, haɗuwarsu ta ba da iska, ita ce gyatsar. Irin kumfar da ke tashi in an zuba kanwa a ruwan tsamiya. Amma dubi abin da ya biyo baya. Ka cika ciki da tuwo da nama, sannan ka kashe tsamin da fefsin ke buƙata. Tumbi kuwa da ya ji tsami ya ragu sai ya ƙara zubo wani, ga iska ta kumbura ciki tana tura ƙofar sama. Gobe ƙwannafi ya dawo, ka sake neman kofi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda aka ce mai hawan jini ya rage. Wanda ya rage gishiri a miya amma yana shan ruwan kanwa kullum bai rage komai ba, sai ma ƙara wa zuciya da ƙoda kaya. Kuma kanwar da ake haƙowa daga ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi ba ta da awo, wani dunƙulen ya fi wani ƙarfi, ga ƙasa a ciki. Amsarmu ita ce ka daina, ka gaya wa likitan da ke duba hawan jininka duk abin da ka gaya mana.

Iyayenmu mata, maganar ta shafi kunun kanwa na jego. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da gazawar zuciya, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da zafin wankan jego. Binciken baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk da haka maijegon da jininta ya hau lokacin ciki, ko ƙafafunta suka kumbura, kada a ɗura mata kanwa. A dama mata kunun gyaɗa. In tana haki ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a nufa a ranar.

'Yar kanwar da ake sawa a ɗanwake, ko a wake don ya nuna, ko a miyar kuɓewa don yauƙi, ba ita muke magana ba. Sai dai a taƙaita, don yawanta na kashe bitamin B1 da C na cikin abinci. In kin jiƙa wake tun dare zai nuna ba sai kin cika masa kanwa ba.

*AMSAR MAI SHAN LEMON TSAMI*

Hajiya, tumbi ya fi lemon tsami tsami ko kuma sun yi kunnen doki, don haka ba ya buƙatar gudunmawa. Waɗanda ke shan wahala su ne haƙora da maƙogwaro, da ba su da waccan majinar. Farin rufin haƙori yana fara zaizayewa da zarar tsami ya sauko ƙasa da 5.5, kuma abin da ya zaizaye ba ya tsirowa. Ki dakata da shi. Mai son lemon tsami ya tsarma shi da ruwa sosai, ya sha tare da abinci, ya kuskure baki, ya jinkirta asuwaki ko buroshi kamar rabin awa.

Akwai hadisin Jabir (RA) a Sahihu Muslim inda Annabi (SAW) ya yabi khal. A duba yadda abin ya faru: mahaɗin abinci ya nema, aka kawo khal, ya ci da gurasa. Kwankwaɗarsa tsura a cikin da babu komai wani abu ne daban.

Ku yi hattara kuma da saƙonnin da ke cewa wani abinci ko wani ruwan roba mai tsada zai mayar da jini ɓangaren kanwa ya kashe cuta. Lokacin korona a 2020 an yaɗa wani da ya sa lemon tsami a sama da 7, ya ba wasu kayan lambu lambar da ta wuce 14. Jinin mai lafiya yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45, huhu da ƙoda ke tsare shi dare da rana, abin da ka ci ba ya gusar da shi. Kafin ka tura saƙon magani ka tabbatar, don wani zai yi aiki da shi a jikin ɗansa.

*TO ME KE KAWO OLSA?*

Mun saba cewa yunwa ce ko yaji. Waɗannan na iya tayar da ciwon, amma manyan masu haƙa gyambon guda biyu ne.

Na farko wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, da ake ɗauka galibi tun yarinta ta abinci, ruwa ko yawu. Dabararta ma ta pH ce: tana da nata inzayim da ke samar mata da abin da ke kashe asid a kewayenta, sai ta lafe a cikin majinar tumbi tana raunana ta. Likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa a 1984, ya kamu da kumburin tumbi. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 da likita zai rubuta. Kanwa ba ta kashe ta, madara ma haka. Madara tana lafar da zafin na ɗan lokaci ne, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid.

Na biyu magungunan ciwon jiki ne irin su Diclofenac, Ibuprofen, Piroxicam da Aspirin. Suna rage majinar da ke kare tumbi. 'Yan uwanmu masu Keke, 'yan dako, leburori da direbobin manyan motoci da ke haɗiyar haɗin "maganin gajiya" kullum da yamma, wannan gargaɗin naku ne. Wanda likita ya ɗora a kan Aspirin saboda zuciya kada ya daina da kansa, ya koma ya yi masa bayani.

*GAME DA MAGUNGUNAN KEMIS*

Farin maganin ruwa na ƙwannafi yana da awo, ya fi kanwa aminci in an sha jefi-jefi. Sai dai yana hana jiki tsotsar wasu magunguna, kamar Ciprofloxacin, Doxycycline da ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki. A raba tsakaninsu da aƙalla awa biyu, a kuma tambayi mai ba da magani.

Omeprazole shi rage zubowar asid yake yi daga tushe. Ana shansa rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, mai azumi kuma kafin sahur. Magani ne mai kyau in likita ya ƙayyade kwanakinsa. Wanda ya mayar da shi kamar goro shekara da shekaru ba tare da an duba shi ba, ya kwantar da maigadin ƙofa: B12 da ƙarfe na iya raguwa, cututtukan hanji su sami hanya, ciwon da ke ɓoye kuma ya ci gaba da girma.

*ABIN DA SUNNA TA RIGA TA KOYA MANA*

A hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib (RA), wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kan cika ciki, ya nuna a kasa shi uku tsakanin abinci, abin sha da numfashi. Aya ta 31 a Suratul A'araf ma ta hana ɓarna a ci da sha. Yawancin ƙwannafi daga nan yake: ciki ya cika maƙil, ƙofar da ke tsakaninsa da maƙogwaro ta saki, asid ya haura inda ba wurinsa ba. Shahararriyar maganar nan da ke kiran ciki ɗakin cuta kuwa, Ibnul Ƙayyim ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa ta likitan Larabawa ce, Harisu ɗan Kalada, kada a jingina ta ga Annabi (SAW).

Zuma waraka ce, a sha da niyya. Amma a tuna tana ɓangaren tsami, ba ta maye gurbin gwaji, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

*ABIN YI DAGA YAU*

1. Zauna ka ci a natse, ka tauna sosai.
2. Ka tashi da sauran wuri a cikinka.
3. A ci tuwon dare da wuri, a bar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. In an ci bayan Magariba, sallar Isha'i da 'yar tafiya zuwa masallaci sun rage lokacin.
4. Mai ƙwannafin dare ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai.
5. A rage taba, shisha, goro, shayi mai kauri, lemon kwalba da soye-soye da dare.
6. Shan ruwa daidai kima lokacin cin abinci ba ya kashe asid, kada a hana yara.
7. A azumi a buɗe baki da dabino da ruwa, a yi sallah, sannan a ci kaɗan-kaɗan. Wanda kunun tsamiya ke tayar wa ƙwannafi ya koma na gyaɗa. Mai olsa da ke kan ciwo ya ga likita kafin watan ya kama, Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

*ALAMOMIN DA BA A JIRA*

In ka ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko abinci na tsayawa a ƙirji, ko rama ba dalili, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, a ajiye kanwa da zuma a nufi asibiti. Haka zafin ƙirji da ya zo da gumi, haki, ko ya sauka hannun hagu, don ciwon zuciya kan zo da kamar ƙwannafi. Ga babban asibitin Gwamna Awan nan a Kakuri, in abin ya fi ƙarfinsa a haye gada zuwa asibitin koyarwa na Barau Dikko. Ƙwannafin da ya wuce mako biyu zuwa uku yana dawowa, musamman ga wanda ya haura shekara 50, shi ma a je a duba.

Maigida, lafiyar gidan nan amana ce a wuyanka. Yau da dare ka duba abin da ake sha a gidanka da sunan maganin ciki, naka da na uwargida da na tsofaffi, ka tambayi tun yaushe aka fara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa abin da muke ci ya zame mana ƙarfin ibada. A tura wa 'yan uwa don su amfana. Masu tambaya su turo kamar yadda aka saba.